Ranar Da Aka Juya Wa Baba Kofur Baya

Azumin bana ya sake faɗowa cikin bazara, kuma bana ne likita ya hana ni yi. Yaro ne ƙarami, ko jikana na fari ya girme shi. Ya gama aune-aunensa ya dube ni ya ce, "Hajiya, ƙodarki ta gaji. Ruwa za ki riƙa sha da rana, kaɗan-kaɗan, ba fashi." Na ce masa na yi azumi da ciki, na yi da goyo, na yi a shekarar da famfo ya ƙafe a Hayin Banki, ba shi zai zo yau ya koya mini ƙishirwa ba. Ya yi murmushi irin na wanda ya saba da tsofaffi masu taurin kai. Binta, 'yata ta uku wadda nake zaune a gidanta, ta bari sai da muka shiga mota. Nan ta ce, "Inna, kin tuna Baba Kofur?" Na ce ta kama mini bakinta. Amma tun daga ranar tsohon nan bai bar raina ba.

Wancan azumin a ƙarshen shekarun tamanin aka yi shi, lokacin da komai ya yi tsada ya kuma yi wuyar gani. Maigidana, Allah ya jiƙansa, tsohon soja ne. Ya yi yaƙin basasa, ya fito da muƙamin saje, ya samu aikin masinja a wani ofishin gwamnati. Ni dai Saje nake ce masa har ya koma ga Allah, shi kuma ba ya kirana da komai sai Kwatamasta, wai don ni ke riƙe da rumbu. Sunan ya bi ni har bakin abokansa. Tsofaffi masu furfura su tsaya a zaure su ce, "A gaida Kwatamasta!" ni kuma in amsa daga ciki, don in na ƙi amsawa ba su fasa.

Suna da ƙungiya ta mazan jiya, reshen da ya haɗa Hayin Banki da Kawo da Unguwar Kanawa. Ba ofis gare su ba. Gindin darbejiyar ƙofar gidanmu ne ofishin, benci da tabarmi ne kujerun. A cikinsu akwai masu gadi, akwai direbobi, akwai mai ɗaurin karaya, akwai wanda ƙafa ɗaya ta rage masa. Akwai Musulmi akwai Kirista, kuma duk Hausar bariki suke yi wa juna, mai kaushi, rabinta zagi ne. Fansho ya maƙale a shekarar, sai a je a yini a layi a dawo da ƙura a ƙafa. Abin da ya riƙe su shi ne wata gona da suka samu a Katabu, can bayan gari. Su share tare, su shuka tare, in kaka ta yi a raba hatsin ga matan 'yan uwansu da suka mutu, abin da ya saura a yi buɗa-baki da shi.

Suna da wata al'ada da ban taɓa ganin irinta ba. Kafin a fara kowane taro, kowa zai miƙe ya ambaci mutum ɗaya da ya bari a fagen fama. Ba a rubuce ba, kowa nasa yana kansa. Wannan ya ce Musa ɗan Bici, wancan ya ce Yakubu mai igwa. In an zagayo, Musulmi su yi Fatiha, Kiristoci su sunkuyar da kai. Ina jin su ta katanga ina tankaɗe, har na haddace matattun mutane da ban taɓa gani ba. Na ƙarshe kullum murya ce mai kauri, da harshen Sakkwato, takan ce, "Iro." Ba garinsu, ba sunan uba, Iro kawai.

Mai muryar shi ne Baba Kofur. Tanko sunansa, amma ba mai kiransa da shi sai liman. Ya yi yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, yana saurayi, ya dawo, da yaƙin basasa ya tashi aka sake kiran irinsu. Rabin mazan da ke zama gindin darbejiyar nan shi ya koya musu riƙe bindiga, har da Saje. Bai yi boko ba, don haka yaransa suka wuce shi a muƙami, shi yana nan a kofur. Bai taɓa nuna abin ya dame shi ba. Dogo ne siriri, baƙi wuluk, ya haura saba'in amma in ya tsaya kamar an kafa tabarya. Matarsa ta rasu, bai da ɗa a raye, yana gadin wani sito a Unguwar Kanawa yana kwana a ɗakin gadin. Da tsohon shugaban ƙungiya ya mutu, kowa ya ce Baba Kofur ya karɓa. Ya ƙi. Ya kama hannun Saje ya ɗaga ya ce, "Wanga yaro za ya yi. Ni ina bayanai." Saje ya shigo gida ran nan jikinsa a sanyaye, ya ce mini, "Ta yaya zan ba mutumin nan oda? Shi ya koya mini ɗaure takalmi." Na ce to ai sai ka koya, tunda ka iya ba ni.

Zafin shekarar ba a magana. Tun hantsi kwanon rufi yake fara ƙara, da azahar ba ka iya taka tsakar gida ba takalmi. Famfo ya yi shiru tun kafin a ga wata. Rijiyarmu ta ja baya, guga ya dawo da rabin ruwa rabin laka, sai a zuba a bari ya kwanta. 'Yan ga-ruwa suka zama sarakuna, kana kiransu suna yi kamar ba su ji ba. Wuta kuwa sai ta ga dama, ƙanƙara ta zama abin masu hali. Ni randata nake naɗe wa jiƙaƙƙen buhu tun safe, in kai ta lungun da rana ba ta kaiwa, in hana yara ko kallonta. Da la'asar hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwashe shanya, kowa ya fito da bokitai da kwanoni. Sai ya watse. Mu kwashe bokitanmu mu koma, zafin ya dawo ya fi na da.

Aikin gida kuwa bi da bi yake, ba ya sauyawa. Ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka a sahur. Da gari ya waye a jiƙa gero da tsamiya, a surfa wake. Kananzir ya ɓace, sai itace, hayaƙi ya haɗu da zafi ya haɗu da ƙishirwa, idonka ya yi ja kamar ka yi kuka. Sukari ba ya samuwa, mazarƙwaila nake fasawa a kunu, in ta yi kaɗan in ce tsamiyar ce ta yi yawa. Ƙosai na riƙa rage masa girma har Saje ya ce in na ƙara ragewa sai an sa tabarau kafin a gan shi. Matan 'yan ƙungiya kan zo mu yi tare, wata da daka, wata da suya, matar Bitrus mai begila, ɗaya daga cikin Kiristocin ƙungiyar, ma takan zo da tattasai daga lambunta ko da yake ba azumi suke ba. Magariba na yi a fitar da kunun a babbar roba zuwa gindin darbejiya.

A wajen buɗa-bakin nan na fara lura da halin Baba Kofur. Shi ke riƙe moɗa. Ya ɗebo ruwa ya miƙa wa wannan, ya karɓa ya miƙa wa wancan, yana bin maƙogwaron kowa da ido har ruwan ya wuce. Dabino ko ɗan gishiri zai sa a baki don kada ya jinkirta buɗa-baki, amma ruwa sai kowa ya sha, har almuru ya fara duhu, sannan ya kurɓi abin da ya rage a gindin tulu. Na yi wa Saje mita, na ce wane irin rashin ta-ido ne ku bar tsoho da ƙishi kuna kwankwaɗa. Ya ce, "Haka yake tun a daji. Ki gwada hana shi ki gani."

Sharar gona ta kama a tsakiyar azumin, don ba a san ranar da ruwa zai sauka ba. Bayan asuba su hau akori-kurar wani daga cikinsu su nufi Katabu, su sassabe, su tara, su ƙona, su dawo kafin rana ta take. Saje ya roƙi Baba Kofur ya zauna, tsohon ya riga kowa hawa mota. Ran wata Asabar sai ga motar ta dawo da wuri, ba ta tsaya ƙofar gida ba, ta wuce asibiti. Ya faɗi yana cikin jan ƙaya. Aka yi masa ƙarin ruwa, ya farfaɗo, likita ya faɗa wa Saje abin da aka faɗa mini bana. Ƙoda ta taɓu. Ya sha ruwa da rana, ya sha magani a kan lokaci, in ba haka ba ba zai ga Sallah ba.

Saje ya ce ba za a mai da shi ɗakin gadi ba. Aka share shagon da ke jikin zaurenmu, aka sa masa gado. Ni na zama mai jinya, kuma a nan na san abin da ake kira taurin kai.

Washegari da hantsi na kai masa ruwan randa a kofin silba da ƙwayoyin magani. Ya dube ni ya ce, "Aje nan, ɗiyata." Na ajiye. Da azahar na leƙo, kofin na nan yadda na bar shi, ƙuda na yawo a bakinsa. Na ce, "Baba, likita fa ya ce ka sha." Ya ce, "Likita na da nashi aiki." Na ja ƙofa na rufe, na kori yara, na ce ko kunyar idon mutane yake ji. La'asar ta yi, ruwan ya ɗumame, ko kurɓa bai yi ba. Da magariba kuma sai an ɗauke shi an kai gindin darbejiya ya ga kowa ya sha, sannan ya sa baki, ɗan abin da ya sha ma rabi ya dawo.

Aka kira Malam Isa, limamin masallacinmu, mutum mai sanyin magana. Ya zauna a bakin gadon ya ce, "Baba Tanko, Allah da ya wajabta azumi shi ya ɗauke wa mara lafiya da tsoho. Ka sha, a ciyar a madadinka. Karɓar sauƙin da ya ba ka ma ibada ce." Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Na ji, Malam, kuma gaskiya ka hwaɗi. Ba da Allah nika gardama ba." Malam ya fito yana murna ya ce an gama. Na kai ruwa, aka ce in aje nan.

Bitrus mai begila ya ce a bar shi da shi. Gajere ne mai tumbi, ba ya rabuwa da wasa. Ya shiga ya ɗauki kofin ya ce, "Baba, ni ma yaronka ne ko ba haka ba? To duba." Ya ɗaga ya shanye tas, ya goge baki. "Yaronka ya sha. Saura kai." Baba Kofur ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Kai Bitrus, ko a daji kai ka fara sha. Sauran hwa?" Bitrus ya fito yana sosa ƙeya, ni kuma na yi asarar kofi guda na ruwan randa.

Sai Saje da kansa. Ya dawo daga aiki a gajiye, ya tuɓe ya saura daga shi sai singileti da zane, ya tsaya a ƙofar shago ya daure fuska ya ce, "Kofur Tanko, ka sha ruwan nan. Oda ce." Tsohon ya dube shi tun daga sama har ƙasa, ya ce, "Oda cikin zane? Tahi ka huta, yaro." Saje ya shigo ɗaki ya zauna bakin gado ya haɗa kai da gwiwa. Ban taɓa ganinsa haka ba, ko ranar da aka ce fansho ba ranar fitowa. Ya ce, "Ya ɗora ni a kan mutane, ga shi zai mutu a zaurena ina kallo."

Jikin ya ci gaba da lalacewa. Ƙafafu suka kumbura, leɓɓa suka tsage, muryar nan mai kauri ta koma raɗa. 'Yan ƙungiya kuwa suka mai da shagon wurin yini. Duk wanda ya tashi daga gadi ko ya ajiye mota sai ya zo ya zauna a tabarma, su cika ɗakin, su zuba masa ido, bakin kowa a bushe fari fat, suna ta "Sannu Baba, daure ka sha Baba." Ni haushinsu nake ji, sun tare iskar da ba ta ishi mutum ɗaya ba.

Wata rana da azahar, sun tafi masallaci, na zauna ina yi masa fifita. Raina ya ɓaci, na ce, "Baba, ni ba soja ba ce, ba na jin yarenku. Ka faɗa mini da Hausa, me muka yi maka da kake so ka mutu a hannunmu?" Ya juyo da fuskarsa gare ni. Da ya fara magana sai da na sunkuya kafin na ji.

Ya ce a yaƙin basasa an taɓa yanke su a wani daji, shi da yaransa, ba hanyar ruwa. Gora ɗaya ta rage, a hannunsa take. Da safe ya kurɓa sau ɗaya don ya samu muryar ba da oda, sannan ya zagaya da ita. Kafin ta kai kan na ƙarshe ta ƙare. Na ƙarshen shi ne Iro, ƙaramin cikinsu, ko gemu bai fara ba. Da yamma harsashi ya same shi a ciki. "Bisa cinyata ya cika, ɗiyata. Bai kira uwa tai ba, bai kira kowa ba. Ruwa yaka cewa. Kuma ya gan ni sa'adda nis sha." Ya rufe ido. "Tun ran nan Kohur bai shan ruwa yaranai na kallo. Ko kin ruhe ƙohwa ina ganin bakinsu."

Na fito ban ga gabana ba don hawaye. Na tarar da su Saje sun dawo daga masallaci za su sake cika shagon, sai na tare ƙofa, abin da ban taɓa yi ba a gaban maza. Na faɗa musu abin da ya ce, na ƙara da nawa. Na ce, "Kun zo kun tasa shi gaba da busassun leɓɓanku kuna cewa ya sha! Ku daina kallonsa mana!" Bitrus ya ce, "Kwatamasta ta yi zafi yau." Ba wanda ya yi dariya. Saje ya tsaya yana dubana kamar yau ya fara ganina. Can ya ce, "Ki fito mini da kakina. Ki goge." Ya juya ga sauran ya ce, "Gobe bayan azahar, kowa da kayansa da lambobinsa. Wanda bai zo ba ya nemi wata ƙungiyar."

Kakin yana ƙasan akwati yana warin kafur. Na hura gawayi na zuba a dutsen guga, na goge shi a tsakar gida gumi na ɗiga a kai yana ƙara. Na wanke lambobin girman da toka da lemon tsami har suka yi ƙyalli. Da ya saka, wandon ya ƙi haɗuwa a ciki, sai da na ƙara masa igiya ta ciki. Na ce saje guda da igiyar zane a ƙugu. Ya ce ba wanda zai duba nan.

Ranar ba ko iska. Aka fito da gadon Baba Kofur aka ajiye a inuwar darbejiya, aka jingina shi da matasai. Yana tambaya, "Mi aka yi?" Sai ga ƙarar begila daga bakin layi. Suka ɓullo a jere, cikin rana tsaka, Bitrus a gaba kumatu kamar za su fashe. Kakin wani ya koɗe ya zama fari, na wani ya yi masa yawa don ya rame, wani takalmin soja ƙafa ɗaya silifa ƙafa ɗaya saboda kumburi. Mai ƙafa ɗaya yana can ƙarshe da sandunansa yana ƙoƙarin bin taki. Mata suka leƙo ta katanga, masu shaguna suka fito, 'yan ga-ruwa suka sauke garwa. Da farko an fara dariya. Kafin su iso gindin bishiyar dariyar ta mutu.

Suka tsaya a rana, ba a inuwa ba, suna fuskantar gadon. Na ga tsohon yana ƙoƙarin miƙe bayansa, yana laluben maɓallin rigar da ba ta da maɓalli. Saje ya tako ya buga ƙafa ya sara masa. Saje ne ke sara wa kofur, a gaban duk unguwa.

"Kofur Tanko, yaranka sun hallara!"

Sai suka fara, kamar yadda suke yi a taro. Musa ɗan Bici. Yakubu mai igwa. Kowa ya kira nasa har aka zo ƙarshen layi. Baba Kofur ya buɗe baki zai faɗi nasa, muryar ta ƙi fita. Saje ya ɗaga hannu, layin gaba ɗaya, Musulmi da Kirista, suka ce da murya ɗaya, "Iro!"

Saje ya durƙusa a gaban gadon da kakinsa da komai. Ya daina muryar fareti, ya ce, "Baba, daga yau Iro namu ne mu duka. Ka daɗe kana ɗauke da shi kai kaɗai." Malam Isa da ke tsaye a gefe ya matso ya ce, "Muna kyautata wa Allah zato, Baba Tanko. Yaron nan ya daɗe da sha a inda ba a ƙishirwa." Tsohon ya sunkuyar da kai.

Saje ya miƙe ya koma gaban layi. Ya ce, "Kowane ɗaya daga cikin yaran nan ruwansa na randar Kwatamasta, yana jiran magariba. Na duba da idona. Ba wanda gora za ta ƙare kafin ta kai gare shi. Kofur Tanko, an karɓe ka daga gadi. Ka sha ruwa. Oda ce." Sannan ya cika ƙirji ya daka tsawar da tun ina amarya rabon da in ji ta.

"Fareti! Abatan!"

Ƙafafu suka bugi ƙasa, suka juya gaba ɗaya suka ba shi baya, har Saje. Mai sanduna sai da ya yi tsalle-tsalle kafin ya juyo, amma ya juyo. Malam Isa ya dubi bango. Abin mamaki, mutanen unguwa da ba wanda ya ba su oda, su ma ɗaya bayan ɗaya suka juya, matan katanga suka sauke kai. Gwamnati ta daɗe da juya wa mutanen nan baya, sun san zafin abin sarai. Ban taɓa zaton akwai juya bayan da ake yi don ƙauna ba sai ran nan.

Saura ni, da mayafina da kofin silba. Na durƙusa na kai masa baki. Ya dube ni, idanunsa sun cika, ya ce a hankali, "Ke hwa, ɗiyata?" Na tuna ni ma bakina a bushe yake. Na kau da fuska na dubi bayan Saje. Gumi ya jiƙa kakin da na goge tun daga wuya har ƙugu, kafaɗunsa suna rawa, kuma na san ba rana ce ke kaɗa su ba.

Ban ga lokacin da ya sha ba. A hannuna na ji. Kofin ya ɗan karkata, ya fara rage nauyi kaɗan-kaɗan, na ji maƙogwaro yana aiki kusa da kunnena. Na riƙe numfashi kada in motsa. Da kofin ya zama wayam ya ce, "Ƙaro." Binta, tana 'yar yarinya lokacin, ta kawo wani, da baya-baya take tafiya, rabi ya zube a hanya.

Ya sha maganin, ya jingina. Su kuwa suna nan a rana ba wanda ya motsa, don ba wanda ya san an gama, kuma Saje ba zai waiwaya ba ko za a yini. Na raɗa wa tsohon, "Baba, za su faɗi fa." Ya gyara murya. Ba ta dawo duka ba, amma ta jiƙa, ta isa.

"Hwareti! Dismis!"

Bitrus ne ya fara zubewa a inuwa, shi da ba ya azumi.

Daga ran nan Baba Kofur ya riƙa shan ruwansa da maganinsa. Duk wanda ke shagon in ya ga na shigo da kofi sai ya juya ya dubi bango, ba sai an faɗa ba, har yara suka koya. Kumburin ya saɓe a hankali. Ruwan sama ya sauka ana saura kwanaki kaɗan Sallah, da la'asar, bayan mun riga mun fid da rai mun bar bokitai a ɗaki. Ƙamshin ƙasa ya cika gidan, yara suka fita tsirara suna ihu, indararo ya cika randa da baho da duk abin da muka tara. Na leƙa zaure na ga tsohon zaune a bakin ƙofa ya miƙa tafin hannu waje ruwa na taruwa a ciki. Ya ga Sallah, ya ga shukar Katabu, ya ci sabuwar masarar shekarar da ta wasu shekaru bayanta. Bai koma ɗakin gadi ba, a shagonmu ya cika, cikin damina, da kofinsa a gefen gado. A taron da ya biyo baya, da aka zagayo kan Saje, bayan nasa ya ƙara sunaye biyu, Iro da Tanko, kuma haka ya riƙa yi har nasa lokacin ya zo.

Yanzu darbejiyar babu ita, an sare an yi shaguna. Gonar Katabu gidaje ne. Mazan da suka tsaya a ranar nan ban san ko ɗaya da ya rage ba. Gidan Binta akwai firji, akwai ruwan roba mai sanyi har ya sa haƙori ciwo, amma ta san ni, ta ajiye mini randa a bayan kicin.

Ranar farko ta azumin bana na tashi na yi sahur da kowa, na ɗaura niyya abina, ba wanda ya hana ni. Da azahar zafi ya kai inda ya kai. Ina zaune a kan darduma kaina na sarawa, jikoki na kwance a falo leɓɓansu sun bushe, ƙaramar cikinsu bana ta fara azumi. Ta yaya zan sha a gabansu? Sai ga Binta da kofi. Ita ma yanzu furfura ta fara mata. Ba ta kawo mini maganar likita ba, ba ta kawo ta malam ba. Ta durƙusa ta sa mini kofin a hannu, ta miƙe, ta je ta tsaya ta fuskanci bango. Yaran suka dubi uwarsu, suka dubi juna, suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka jera kusa da ita. Ashe ta ba su labarin.

Na daɗe ina kallon bayansu. Ruwan randa ne, da sanyinsa da ɗan ƙamshin ƙasa. Na yi bisimilla na sha har ƙasa.

Suna nan tsaye, ba wanda ya waiwayo. Sai na tuna ba mai sallamarsu sai ni. Na goge ido da gefen mayafi, na gyara murya.

Na ce, "Dismis."